Ramar Yaya

Litinin, 8:20 na safe

Koci ya ce kowa ya nemi littafi ya riƙa rubuta abin da ya ci, da abin da ya ɗaga, da abin da sikeli ya nuna. Na ɗauko wannan a cikin waɗanda muka buga wa wata makaranta, bangon ya fito a karkace suka ƙi karɓa. Yaya ya ce shi ba ya buƙatar littafi, wandonsa ya ishe shi shaida.

To ga nawa. Yau mako uku cif da muka fara zuwa wurin motsa jiki. Na shiga da kilo 104, yau ma 104. Yaya ya shiga da 97, yau 92.

Abu ɗaya muke yi. Motarsa ce ke kawo mu ƙarfe shida da rabi, Litinin da Laraba da Juma'a. Mu hau keken nan da ba ya zuwa ko'ina, Koci ya busa usur, mu taka iya ƙarfinmu sakan talatin, ya sake busawa mu sassauta na minti ɗaya, haka har sau takwas. Daga nan sai ƙarfe: ka rungume kilo goma sha biyu a ƙirji ka tsugunna ka tashi, ka ɗago wani daga ƙasa, ka tura wani sama. Duka-duka minti arba'in ne, amma ina fitowa kamar wanda aka tsamo daga rijiya. Shi kuwa Yaya a zagaye na biyar yake sauka daga keke wai zai sha ruwa, ba ya dawowa sai an gama. Kuma shi ne ke raguwa.

Ban gane ba.

Laraba, 1:15 na rana

Ina shago, injin na ta buga takardun jarrabawar wata makaranta, ni kuma na kasa zama na kasa tsayuwa saboda tsamin cinya. Da safe sai da na dafa bango na sauko daga matakala, matata na bayana tana dariya, wai an sayar da kare an sayi biri, tsugune ba ta ƙare ba.

Abin da na ci: ƙwai biyu, shayi ba sukari, wake da kifi, shinkafa rabin abin da na saba. Shayi ba sukari hukunci ne, ba abin sha ba.

Abin da ke ɗaure mini kai, wannan shawara ta Yaya ce. Mutumin da ko kantin da ke bakin layi sai ya shiga mota. Ya girme ni da shekara tara, shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, shagon nan nasa ne, ni ina kan inji ne kawai. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi maganar ƙiba ba, sai dai ya shafa cikinsa ya ce arziki ne. Ran nan kawai ya ɗauki rula ya zungure ni a teɓa ya ce, "Auta, wannan tulun da kake yawo da shi, ruwan wa kake ajiye wa? Gobe mu fara." Na zaci wasa ne. Washegari sai hon a ƙofar gida.

Juma'a, 8:40 na safe

Har yanzu 104. Na yi wa Koci ƙorafi. Ya ciro tef ɗin awo daga aljihu ya zagaye ƙuguna, ya ce na ragu da santimita uku. Ya ce sikeli ba ya bambanta kitse da tsoka da ruwa, kuma wanda ya fara ɗaga ƙarfe jikinsa kan riƙe ruwa a makonnin farko. Ya ce rabin kilo a mako ma tafiya ce mai kyau, kada in yi gaggawa.

Na ce to Yaya fa, mai kilo biyu a mako?

Ya juya ya kalli Yaya, yana zaune a benci ya sunkuyar da kai, tawul a wuya. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya naɗe tef ɗinsa ya ce in je in ɗauko na kilo goma sha huɗu.

Asabar, 5:30 na yamma

Mun je gaida Inna. Tana ganin Yaya ta ajiye carbinta ta ce, "Zo nan kusa. Kai, ka rame."

Ya yi dariya, irin wadda yake yi wa manyan kwastomomi. Ya ce, "Motsa jiki ne, Inna. Ni da Auta muke yi. Kin ga ni yana karɓata, shi kuwa kitsensa ya yi rantsuwa."

Ta juyo kaina ta ce, "To kai ina naka ya tafi? Ko kana bin bayansa kana tsintar abin da ya yar?" Har da tafa hannu. Na ga hankalinta ya kwanta, ta sake ɗaukar carbin.

Da aka kawo abinci ya yi ta juya cokali. Inna na tashi ɗauko ruwa ya kwashe rabin nasa ya zuba a farantina, ya sa yatsa a baki. Na cinye don kada ta gani. A mota na ce masa wannan ai zagon ƙasa ne, yana so ya riƙa cin gasa. Ya ce, "Gasa ce ai."

Litinin, 8:15 na safe

Ni 103 da rabi. Yaya 90. Ban gane ba.

Talata, 11:50 na safe

Ya huda sabon rami a bel ɗinsa da abin huda takardun shago. Na uku ke nan. Duk wanda ya shigo sai ya yaba. Mai kemis na kusa da mu ya ce ya koma saurayi, mai kawo mana tawada ya nemi lambar Koci. Yaya sai ya miƙe ya ja wandon gaba ya nuna musu sararin da ya samu.

Motar takarda ta zo da kwali goma sha takwas. Shekara da shekaru shi ke tsayawa a bakin mota yana saukewa, ko na ce zan yi sai ya ce bayana ba shi da ƙwari. Yau ya ce, "Auta, je ka gwada abin da Koci ya koya maka." Na sauke su duka, ina lanƙwasa gwiwa ina miƙe baya kamar yadda aka nuna mana, kuma gaskiya ban ji su kamar da ba. Na shigo ina so ya yabe ni, na tarar ya kifa kai a tebur yana barci. Ƙarfe sha ɗaya na safe.

Na rage ƙarar rediyo.

Laraba, 8:50 na safe

Yau na kai zagaye takwas ban gaza ba. Ƙirjina kamar an hura wuta.

Bayan an tashi, Yaya ya shiga banɗaki, Koci ya jawo ni wajen da ake jera ƙarafa. Ya ce, "Yallaɓai, zan faɗi magana, kada ka ji haushi."

Na ce ina ji.

Ya ce, "Ramar yayanka ba aikina ba ce."

Na ce kamar ya ya.

Ya ce, "Shekara goma sha ɗaya ina wannan sana'a. Wanda ke zubar da kitse a hannuna ƙarfinsa ƙaruwa yake yi. Dube ka, ka fara da kilo goma sha biyu, yanzu kana goma sha shida. Shi ya fara da goma sha biyu, yau na shida na ba shi, hannunsa na rawa. Keke kuma ko rabi ba ya yi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Ba zan sake ɗora shi a keke ba sai ya kawo mini takardar likita."

Raina ya ɓaci, ban san dalili ba. Na ce masa shi koci ne ko boka, mutum ya samu abin da ya zo nema kuma sai a sa masa baki. Ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri." Ya ci gaba da jera ƙarafansa.

Ina rubuta wannan ina jin kunyar abin da na ce masa. Amma kuma ina ruwansa.

Alhamis, 2:00 na rana

Ƙwai biyu. Shayi. Wake. Kifi. Lemo ɗaya. Ruwa kofi bakwai.

Wuƙar injin yankan takarda ta dakushe, sai an kai wasawa. Tawada baƙa ta kusa ƙarewa. Akwai katunan wani kamfani guda ɗari biyar da za a kai ranar Asabar ta sama.

Ban yi masa maganar ba.

Juma'a, 9:30 na safe

Koci ya faɗa masa da kansa, cikin ladabi, a gefe. Ban ji farkon ba, sai muryar Yaya na ji ta tashi. Yana cewa shi ba yaro ba ne, jikinsa ne, wa ya fi shi saninsa. Mutane suka tsaya da taka keke. Ban taɓa ganin Yaya ya ɗaga murya a gaban baƙi ba. Ya ɗauki tawul ɗinsa ya fita.

Na same shi a mota, a kujerar mai zaman banza. Ya miƙo mini mukulli. Yaya ba ya ba kowa tuƙin motarsa, ko matarsa.

Mun kusa shago ya ce, "Kai ka ci gaba da zuwa."

Na ce in ba ka zuwa ni ma na bari.

Ya ce, "Za ka je. Ni zan riƙa kawo ka. In Inna ko Antinka, uwargidana, suka tambaya, tare muke yi."

Na ce, "Yaya, me ke faruwa?"

Ya ce, "Ka kula da mai babur ɗin can."

Litinin, 8:30 na safe

Ya zo shida da kwata, cikin kayan motsa jikinsa, har da takalmi da tawul. Na shiga ciki, shi ya zauna a mota. Ta tagar wurin ina hango shi, ya kwantar da kujera ya rufe ido. Duk sakan talatin ɗin da na taka, idona na kan motar.

Da na fito na ga ya buɗe gorar ruwa ya jiƙa gaban rigarsa da wuyansa. Ya ga na gani. Ya ce zafi ake yi.

Na manta ban hau sikeli ba.

Talata, 4:10 na yamma

Anti, matar Yaya, ta kira ni. Kullum da tsokana take farawa, "ƙanen miji, ya teɓa?" Yau ba ta yi ba. Ta ce, "Auta, don Allah wane irin motsa jiki ne wannan kuke yi? Ka gaya wa mutumin nan ya rage masa. Abinci loma uku ya ce ya ƙoshi, wai dokar Koci ce. In ya tashi da safe zanin gado sharkaf, sai na canza. Jiya na ga ya dafa bango a tsakar gida. Ku bar mini miji haka nan, ni ban ce ƙibarsa ta dame ni ba."

Koci bai taɓa cewa loma uku ba. Kullum faɗa yake mana mu ci mu ƙoshi, mu dai zaɓi abin da za mu ci.

Na ce mata zan gaya masa. Ta ce, "Tare kuke shiga dai ko?" Na ce e.

Na ce e.

Laraba, 6:05 na safe

Ban yi barcin kirki ba. Ga hon ɗinsa can.

Alhamis, 12:40 na rana

Ba bincike na je yi ba. Mukullin da ake kwance wuƙar inji nake nema, Yaya ya fita, na jawo aljihun teburinsa na ƙasa. Ambulan ce fara mai tambarin asibiti, an naɗe ta biyu an tura can ƙarshe bayan tsofaffin hatimai.

Takarda biyu. Ɗaya lambobi ne a jere, an zagaye uku da jan biro. Ɗayar rubutun hannu ne, abin da na iya karantawa shi ne ya dawo cikin mako ɗaya a yi masa wani hoto. Sunansa ne a sama. Na duba kwanan wata, na ƙirga da yatsa, na sake ƙirgawa. Kwana goma kafin ranar da ya zungure ni da rula.

Na ɗora su a inji na yi kwafi, na rufe sunan da guntun takarda. Na mayar da ambulan yadda take. Na shiga wurin mai kemis na ce wani kwastoma ne ya bari. Ya sa tabarau, ya karanta, ya sake karantawa. Ya ce, "Ya koma?" Na ce ban sani ba. Ya cire tabaraun ya dube ni, ya leƙa ta ƙofa wajen shagonmu, ya sake dubana. Ya ce, "Ni ba likita ba ne. Amma in kana da hanyar ganin mai takardar nan, ka ce masa ya koma yau. Kada ya bari sai gobe."

Na dawo na buga katunan kamfanin nan ɗari biyar a juye. Sai an sake.

Alhamis, 6:20 na yamma

Bayan mun sauke ƙofar shago rabi, na ajiye kwafin a gabansa. Na zaci zai yi faɗa. Ya kalle shi kawai, ya ce, "Ka iya aiki, ya fito fes."

Na ce, "Ka koma?"

Ya ce a'a.

Na ce saboda me.

Ya kifa takardar a tebur. Sai ya ce, "Kai kana ƙarami lokacin Baba, ba ka ga farkon ba. Da rama ya fara. Wata bakwai Inna na zaune a gefen gadonsa tana kallon yana ƙarewa. Da na ga wandona ya fara zamewa ba dalili, na je aka ɗibi jini, na ga fuskar likitan, na san fuskar. Na ce in dai zan rame a gaban Inna, gara in rame da dalili."

Na ce, "Shi ne ka yi labule da cikina?"

Ya ce, "To kai ma ai kana buƙata."

Na yi dariya, wallahi na yi dariya, ban san lokacin da ta juye ba. Ya bar ni na gama. Na ce masa ba lallai irin na Baba ba ne, zamani ya canza, akwai magani, na faɗi duk abin da ake faɗa. Ya ce ya sani. Ya ce kullum da safe yana cewa gobe zai koma, in goben ta zo sai ya ga ya fi sauƙi ya sa takalmi ya zo ya yi mini hon.

Na ce gobe ba wurin Koci za mu ba.

Ya ce, "Da sharaɗi. Inna ba za ta ji ba."

Na ce Anti fa. Ya ce wannan shi zai yi da kansa.

Juma'a, 3:00 na yamma

Asibiti tun bakwai. Layi, kati, wani layin, jini, hoto. Likitar mace ce, ba ta yi masa faɗa ba, ta dai dubi kwanan watan tsohuwar takardar ta dube shi. Suka ɗora shi a sikelinsu: 86. Nas ɗin ta tambaya ko da gangan yake ragewa. Ni da shi muka kalli juna.

An ce mu dawo Talata.

Asabar, 10:15 na safe

Anti ta zo gidanmu ita kaɗai, ba ta zauna ba. Ta ce, "Yaushe ka sani?" Na ce shekaranjiya. Ta ce, "Ranar da na kira ka fa, na ce tare kuke shiga?" Na kasa ɗaga kai. Ta ce, "Ni ina can ina auna masa shinkafa da ƙaramin cokali, ina cewa taimakonsa nake yi. Ina ɓoye masa sukari, Auta." Matata ta riƙe ta suka shiga ɗaki. Na fita na zauna a motata ban kunna ba.

Mako shida ina gefensa. Ina jin haushin ya fi ni raguwa. Har a littafin nan na rubuta, yana nan a shafin farko.

Litinin, 8:45 na safe

Na je ni kaɗai, ban san me ya kai ni ba. Koci ya busa usur na taka kamar ana bina. Ya busa na hutu ban tsaya ba. Ya zo ya dafa kan keken ya ce, "Hutun ma cikin aikin yake, yallaɓai. Sauka." Na sauka na je bayan gini na yi amai.

Na ba shi haƙuri kan maganar boka. Ya ce ya manta. Ya tambayi Yaya, na ce mun je. Ya ce, "Alhamdulillahi." Bai nemi ƙarin bayani ba.

Ya ce in hau sikeli. Kilo 100. Ya ce ba duka ne na gumi ba, ya tambaye ni yaushe rabona da cin abinci sosai. Na tsaya ina kallon lambar. Wata ɗaya da rabi nake jiran ta, ga ta, kuma ban san wa zan gaya wa ba.

Talata, 1:30 na rana

Likitar ta faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba.

Laraba, 7:40 na safe

Za a yi masa aiki ranar Alhamis ta sama. Ta ce da an zo da wuri da ya fi, amma ba a makara gaba ɗaya ba. Na yi ta juya maganar nan, "gaba ɗaya". Na tambayi Anti yadda ta fahimce ta, ta ce kada in tambaye ta.

Kafin nan an ce ya ci abinci sosai, ƙwai, kifi, madara, duk abin da zai shiga, kuma ya riƙa ɗan tafiya kada ƙafafunsa su mutu. Takardar abincin da aka ba shi kusan irin ta Koci ce, sai dai tasa an ce ya ƙara. Na nuna masa, ya ce to ashe bai yi asarar zuwa ba.

Asabar, 5:50 na yamma

Na je gaida Inna ni kaɗai. An shirya cewa Yaya ya yi tafiya duba wani sabon inji, zai yi mako biyu. Na faɗa kamar yadda aka koya mini. Ta ce, "Inji." Na ce e. Ta ce, "Bai zo ya yi mini sallama ba." Na ce tafiyar ta zo da gaggawa.

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta ce, "Kai ma ka fara faɗawa." Na ce motsa jiki ne. Na ji kalmar a bakina kamar ba tawa ba.

Ta zuba mini abinci ta zauna tana kallona har na cinye. Da zan tafi ta ce in ya kira in ce masa ya riƙa rufe ƙirjinsa, garin mutane ba a san sanyinsa ba. Ban san ko ta yarda ba. Da Inna ba ka taɓa sani.

Alhamis, 9:10 na safe

Sun shiga da shi takwas da kwata.

Alhamis, 2:35 na rana

Sun fito. Likitar ta ce sun cire abin da suka je cirewa, sun aika da shi a duba, sai sakamako ya dawo za a san abin da ke gaba, kuma akwai sauran magani ko ya ya ne. Anti ta ce, "Amma ya yi kyau?" Ta ce, "Ya yi yadda muke fata a yau." Na rubuta maganar daidai yadda ta faɗe ta don in karanta daga baya, ko zan fi ganewa. Na karanta sau huɗu.

Asabar, 4:45 na yamma

Yau aka ce lallai ya tashi daga gado ya zauna a kujera, ko na minti goma ne. Nas ta tafi neman wanda zai taya ta ɗaga shi, ta daɗe. Yaya ya ce, "Auta, zo ka yi, na gaji da kallon silin."

Anti ta riƙe robar ruwan da ke hannunsa. Na sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na ɗago. Na shirya wa nauyi, sai na ji babu. Ƙasusuwan bayansa na taɓa hannuna ta cikin rigar asibiti. Mutumin da ya goya ni a wuya ya kai ni makaranta ranar da na ƙi zuwa. Ya ce a kunnena, "A hankali, ni ba kwalin takarda ba ne." Na ajiye shi a kujera, na gyara masa matashi, na juya ina gyara zanin gadon da ba ya buƙatar gyara.

Ya zauna yana haki, yana kallon taga. Ana hango wurin ajiye motoci da wata bishiya. Can ya ce, "Wace rana ce yau?" Anti ta ce Asabar. Ya ce, "Ranar gaida Inna."

Ya ce, "Auta."

Na ce na'am.

Ya ce, "Gobe ka je ka ɗauko ta."

Na ce me zan ce mata. Ya ce, "Ka ce injin bai yi ba, na dawo. Sauran ni zan faɗa." Anti ta sa gefen mayafinta a baki ta fita waje.

Ban san ko ƙarfi ya ji ya sa ya faɗi haka ba, ko wani abu yake ji a jikinsa da bai gaya mana ba. Na so in tambaye shi, na ga ya rufe ido, na bari. Da minti goman suka cika na mayar da shi gado.

Ɗakin a hawa na uku yake, Inna kuma gwiwarta ba ta son matakala. Na tambayi mai gadi, ya ce akwai lif a ƙofar baya, ana buɗe shi ƙarfe tara. Zan je wurinta takwas, in same ta ta gama karyawa.